Shekara Goma Sha Tara Ina Kiran Sa Sanyi

Duk macen da ta taɓa shigowa gidanmu a Zaitawa ta ce mararta na ciwo, na ƙulla mata magani na ce sanyi ne, ina roƙon ta yafe min. Ban yi don in cuce ta ba. Abin da na ba ta shi nake sha, kuma duk unguwar ba wadda ta kai ni shan sa. Yanzu da Allah ya tashi kafaɗuna, na ga gara in zauna in faɗi yadda aka yi, ko wata za ta rage wa kanta shekarun da ni na ɓata.

Sunana Falmata, amma Fanna ake ce min. A hannun Gwaggo na tashi, Hajiya Yagana yayar mahaifina, ita ta ɗauke ni tun daga yaye. Kakanninmu daga Borno suka zo. Barbarcin ya gudu ya bar mu sai ɗan na gaisuwa, amma sana'ar ta zauna: gyaran amare, dilka da halawa, turaren wuta da humra, sai magungunan mata. Idan uwa za ta aurar da 'ya, daga Zaitawa har Ƙofar Mazugal, da wuya ba ta biyo ta zauren Gwaggo ba. Ni ce kuma 'yar hannunta. Ni nake daka, ni nake aunawa, ni nake ƙullawa.

Ina shekara goma sha huɗu na fara al'ada, kuma tare suka zo da ciwon. Kwana biyu kafin jini mara za ta ɗaure, baya ya riƙe, ƙafar hagu ta yi nauyi. Ranar farko kuwa sai amai da birgima a tsakar ɗaki. Gwaggo ta ce sanyi ne ya shige ni, saboda yawo ba takalmi a kan siminti da tsarki da ruwan randa. Ta dafa bagaruwa in zauna a ciki, ta jiƙa kanumfari da citta, ta zuba garwashi a kasko ta barbaɗa magani in tsuguna a kai lulluɓe da zane. Kuma fa, in faɗi gaskiya, zafin yana sa ciwon ya lafa. Awa ɗaya, awa biyu, har in samu barci. Wannan ɗan sauƙin shi ya yaudare mu, muka ɗauka magani na ci, sanyin ne dai mai taurin kai.

Aka ce in na yi aure zai tafi. Na auri Malam Habibu, mai sayar da littattafan addini a kasuwa, na tare a Ƙofar Na'isa, ciwo ya biyo ni kamar yana cikin kayan ɗaki. Aka ce to sai na haihu. Sai da na shekara uku kafin na samu cikin 'yata Amira, ita ma da tiyata aka ciro ta. Na ɗan huta lokacin goyo, har Gwaggo tana cewa, "Ba na faɗa miki ba?" Ina yaye ta ciwon ya dawo, kuma ya dawo da sabon hali. Da can zuwa yake ya tafi, yanzu ya samu wurin zama. In na yi ruku'u sai in ji kamar an ɗaure wani abu da zare a cikina ana ja. Shiga banɗaki ya zama abin fargaba, sai na dafa bango ina salati. Da yamma cikina ya kumbura, har wata maƙwabciya ta taɓa yi min addu'ar Allah ya raba lafiya. Akwai kuma abin da ke tsakanin mace da mijinta, wanda kunya ba za ta bar ni in buɗe ba, amma duk mai irin ciwon ta gane. Malam mutum ne mai kawaici, bai taɓa ɗaga min murya a kai ba, amma ina ganin yadda muka koma kamar wa da ƙanwa, abin yana ci min rai. Ciki kuma shiru, shekara takwas.

Masu shawara ba su gaza ba. Yayar Malam ta ce aljani ne ya aure ni, aka yi ruƙiyya har muryar malamin ta dishe, aljani bai ce uffan ba. Wata ta kawo sassaƙe daga ƙauyensu, ɗacinsa kaɗai ya isa ya mantar da mutum ciwon mara na ɗan lokaci. Mai kemis ɗin bakin layinmu kuwa ya fi ni sanin lissafin kwanakina, yana hango Malam zai fara fasa kwalbar allura.

Za a ce me ya hana ni zuwa asibiti. Na farko sunan gidanmu. In aka ga 'yar Hajiya Yagana a layin likitan mata, wa zai ƙara sayen ƙullinmu? Gwaggo ba ta taɓa faɗa da bakinta ba, amma na sani, ita ma ta san na sani. Na biyu shi ne babba. Tun ina yarinya nake jin tana cewa asibiti ba sa gyaran mahaifa, cirewa suke su miƙo wa mutum a roba. Maganar ta zauna min daram. Ina son in ƙara haihuwa, ko ɗaya ne, kuma na gwammace in mutu da mahaifata tana ciwo da in rayu babu ita. Haka na ɗauka a lokacin.

Wata Laraba muna gyaran wata amarya, na sunkuya in ɗauki robar dilka, na kasa miƙewa. A nan na tsaya a sunkuye, gumi na ɗiga a siminti, gwaggonnin amarya sun zuba min ido. Gwaggo ta ce musu azumi nake, jiri ne ya ɗebe ni. Malam ya zo da adaidaita sahu ya kai ni gida. Da na ɗan dawo hayyacina ya zauna a bakin gado ya ce, "Fanna, na gaji da ganin ki haka. Litinin za mu asibiti. In Gwaggo ta yi faɗa, ki ce ni na matsa."

Na ce, "Kada ma ta sani, Malam."

Na ari niƙabi a wurin matar wansa, ni da ban taɓa sawa ba. Bayan sallar asuba muka fita, amma muka tarar kamar a can mutane suka kwana. Yankar kati kawai ta ci mana hantsi. Ina zaune a benci ina jin daɗin ba wanda ya gane ni, sai matar da ke kusa da ni ta ja hanci, ta ƙara ja, ta juyo ta ce, "Baiwar Allah, wannan humrar ai ta gidan Hajiya Yagana ce, wadda ba sa sayarwa." Na rufe fuska na rufe hannu, na manta da ƙamshin da ya riga ya kama kayana har da jakata. Ta leƙo idona ta ce, "Fanna? Ke ma?"

Maman Walida ce, wadda na shekara biyar ina ƙulla wa maganin sanyi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ita kuwa dariya ta kama ta har tana riƙe mara, daga ƙarshe ni ma na taya ta, muka zauna kamar ɓarayi biyu da suka haɗu a rumbu ɗaya. Ita ta faɗa min akwai wata babbar likita mace da ke zama ranar Alhamis, amma sai ƙananan likitoci sun tura mutum.

Ƙaramin likitan da na gani ranar bai ɗago ya dube ni ba. Ban ga laifinsa sosai ba, mata sun fi a ƙirga a bayana. Na fara bayani ya katse ni, ya rubuta ƙwayoyi na sati biyu. Na tambaye shi me ke damuna, ya ce, "Sanyi ne, Hajiya." Wallahi na so in ce masa da wannan ne da na zauna a gida, mu ma muna sayarwa, namu har ƙamshi gare shi. Na shanye ƙwayoyin tas, ba abin da ya canza sai bakina da ya yi ɗaci. Sati na uku aka tura ni hoto, aka sa na sha ruwa na riƙe fitsari tun safe har azahar saboda an ɗauke wuta. Hoton ya nuna wani ƙullutu a gefen hagu. Shi ya buɗe min ƙofar likitar Alhamis, a sati na biyar.

Dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da yawan fara'a. Ta ce yaya jiki, na ce da sauƙi. Ta ajiye biro ta ce, "Wannan gaisuwa ce, na amsa. Yanzu faɗa min gaskiya." Ta shiga yi min tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi min: banɗaki fa, lokacin al'ada ya fi zafi? Da maigida fa? Kwana nawa nake rasawa a wata? Ban san sanda na fara kuka ba. Ba don ciwo ba, don dai na samu wanda ya san hanyar da ciwon yake bi. Da ta duba ni ta ce mahaifata ba ta motsi ko kaɗan, alhali kamata ya yi ta ɗan yi lilo.

Sunan ciwon ta rubuta min a bayan kati, endometriosis, na kwana uku ina koyon faɗar sa. Ta ce irin naman da ke shimfiɗe a cikin mahaifa ne yake tsirowa a waje, a kan hanji da ma'ajiyar ƙwai. Duk wata shi ma sai ya kumbura ya yi jini, jinin ba shi da hanyar fita, sai wurin ya yi rauni ya warke, ya ƙara yin rauni, har kayan ciki su manne da juna. Tabon tiyatar Amira ma ya ƙara nasa. Ta ce tun da ya kai haka sai an shiga an rarraba su. Sannan ta faɗi abin da nake gudu tun ina yarinya: "Zan yi iya ƙoƙarina in bar miki mahaifarki. Amma in na tarar ba za ta rabu da hanji ba, ko jini ya ƙi tsayawa, zan cire ta. Sai kin yarda da wannan kafin in taɓa ki."

Ban kai ga shirya yadda zan faɗa wa Gwaggo ba, magana ta riga ni. Maman Walida ba ta yi da mugunta ba, ƙanwarta kawai ta faɗa wa, kuma a cikin gari wannan ya isa. Gwaggo ta zo Ƙofar Na'isa da ƙafarta, ita da sai suna ko rasuwa ke fitar da ita. Ta ƙi zama a kujera, ta ƙi shan ruwa. Na durƙusa na fara ba ta haƙuri a kan sunan gida, ta ɗaga min hannu.

"Ke kina ganin kasuwa ce ta taso ni? Kasuwa ta ci ƙaniyarta. An ce za ki sa hannu su yanke miki mahaifa."

"In ta kama ne, Gwaggo."

"Ai kullum kamawa take a wurinsu. Ki ba ni wata uku, akwai wani haɗi da ban taɓa yi miki ba."

Na ce, "Gwaggo, shekara goma sha tara na ba ki." Ban taɓa mayar mata da magana ba sai ranar. Ta dube ni, ta gyara mayafinta, ta fita ba sallama. Na yi kuka har kaina ya yi ciwo, kuma ban fasa ba.

Sati uku muka yi muna haɗa abin da aka rubuto. Ɗankunnen zinaren lefena ya tafi, Malam ya karyar da littattafansa ya sayar wa maƙwabcin rumfarsa, ƙannensa biyu suka ba da jini. Aka sa rana, na sha maganin wanke ciki na wuni ina zarya, da safe aka ce an kawo masu haɗarin mota, sai wani satin. Ranar na zagi asibiti a zuciyata, Allah ya yafe min. Sati na gaba na ƙara shan maganin. Da aka kawo takardar sa hannu, Malam da yake rubuta allo kamar bugun inji, ranar sai da ya ɓata layin. Ana tura ni a kan gado sai na hango Gwaggo a baranda, da tabarmarta da filas da kwandon kwanuka. Ta tofa min addu'a a goshi ta koma gefe.

An ce awa biyar aka yi. Da ƙananan huji aka fara, ana leƙawa da kyamara, da abin ya gagara aka buɗe ta tsohon ɗinkin. Ni dai na farka na ji maƙogwarona a bushe, cikina kamar an ɗora turmi. Na kasa magana, na kai hannu kan marata ina duban Gwaggo. Ta sunkuyo ta ce, "Tana nan. Sau uku na tambayi likitar, na ukun har ta harare ni." Na rufe ido, hawaye na gangarowa cikin kunnena. A rayuwata ban taɓa jin nauyi ya sauka daga ƙirjina irin na wannan lokacin ba.

Washegari likitar ta zo zagaye, ta ce ma'ajiyar ƙwai ta hagu da bututunta sun lalace, ta cire su, amma na dama lafiya lau, kuma ta raba mahaifa da hanji da ƙyar. Ta nuna mana hoton da ta ɗauka a waya. Ni na kawar da kai, Gwaggo kuwa ta karɓi wayar ta kai ta kusa da ido. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kamar turaren da sukari ya yi wa yawa, itacen ya dunƙule wuri ɗaya." Likitar ta ce da za ta samu mai yi wa ɗalibanta bayani haka da ta huta. Gwaggo ta ce, "To hayaƙi ba ya raba wannan?" Likitar ta ce, "Ba ya rabawa, Hajiya." Gwaggo ta miƙa mata wayarta.

Kwana shida muka yi, kuma jinyar Gwaggo sai wanda ya gani. Ta so ta kunna turaren wuta a ɗakin marasa lafiya, wai warin magani zai hana ni warkewa, sista ta kama ta da kasko a ƙarƙashin gado. Ta so ta gasa min ciki da tawul da ruwan zafi irin na masu jego, nan ma aka yi ta da ita. Aka hana ni abinci sai na yi tusa, kowace sista ta shigo da tambayar za ta fara, a gaban 'yan dubiya, har da yayar Malam. Ranar da tusar ta fito Gwaggo ta yi hamdala da ƙarfi kamar an yi haihuwa, duk ɗakin aka sa dariya, ni ina riƙe da ɗinki ina roƙon su bari. Ita ke riƙe ni in taka zuwa ƙarshen baranda in dawo, ita ke wanke min komai, tsohuwa mai ciwon gwiwa tana kwana a tabarma. Sistocin ma, ban da guda ɗaya mai baƙar magana, Allah ya saka musu da alheri.

Da aka sallame ni Zaitawa Gwaggo ta wuce da ni, ta ce Malam bai iya jinya ba. Gefen ɗinkin ya ɗan yi ruwa a sati na biyu, muka yi ta zaryar wankin ciwo a asibiti har ya kame. Aka sa ni a kan wata allura da ta ɗauke min al'ada na wata shida, ta riƙa sa ni zufa da saurin fushi, Malam da Amira suka sha haƙuri. Likitar ba ta ɓoye min ba, ta ce ciwon nan yana iya dawowa, mannewar ma haka, kuma haihuwa ba ta yi min alkawari ba, sai dai ƙofa a buɗe take. Saboda haka ba cewa nake na warke har abada ba. Abin da nake cewa, in ciwon al'ada yana kwantar da ke ko 'yarki duk wata, ko yana hana ki banɗaki, kada ki tsaya ga sanyi, ko daga bakin wa ya fito. Ki je, in an ba ki ƙwaya ba ta yi ba ki koma, ki faɗi har abin da kike jin kunya. Ruwan zafi yana kwantar da ciwo, amma a ƙasa abin yana nan yana aikinsa.

Wata biyu bayan allurar ƙarshe na koma aiki sosai. Wata Asabar muna da amare biyu, tun safe nake tsaye, na sunkuya na miƙe ya fi sau ɗari, har na daka itacen sandal na turare da kaina. Da aka kira la'asar na ɗauki buta na zagaya. Na daɗe ban fito ba. Da na fito na zauna a bakin rijiya, butar na hannuna.

Gwaggo tana fifita garwashi ta ce, "Lafiya? Ba za ki yi sallar ba ne?"

Na ce, "Ba na salla, Gwaggo."

Ta tsayar da maficin. "Tun yaushe?"

"Ban sani ba. Yanzu na gani."

"Ba ki ji komai ba? Bayan fa? Ƙafar fa?"

Na girgiza kai. Ta matso kusa da ni. Sannan ta ce, a hankali yadda amaren da ke ɗaki ba za su ji ba, "Ni shekara talatin da biyar na yi da shi, sai da jinin ya ɗauke na huta. Ban taɓa samun wata ɗaya irin wannan ba."

Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba, kuma ban taɓa tambayar kaina dalili ba sai ranar. Ta goge ido da bakin zanenta, ta ce hayaƙi ne, ta ci gaba da fifita wutar.